Zuwa ga abokan cinikinmu, bayan rasuwar Baba

Assalamu alaikum iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, da 'yan uwa direbobi.

Tun da Allah ya karɓi ran mahaifinmu, mai wannan gareji, ba mu zauna mun yi muku godiya yadda ya dace ba. Waɗanda suka halarci jana'iza, da waɗanda suka biyo mu gida da gaisuwa, da masu bugo waya daga Zariya da Kafanchan, Allah ya ba da lada. Amma magana ta iso mana daga kasuwar Panteka, wai an rufe garejin, wasu kuma na cewa aiki ya bi mai shi. Ƙofa a buɗe take, kuma yaran da Baba ya koya wa riƙon sifana su ne a bakin aiki.

Duk wanda ya zauna a bencin garejin nan ya san hirar Baba ba ta wuce mota da tarihi. Ya shiga sana'ar ne a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot a Kakuri, kuma 504 ya hau har ƙarshen rayuwarsa. Kafin a gama juye maka baƙin mai ka ji yadda aka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, da yadda aka kwance gadar Lugard aka kawo ta nan, da ranar 2 ga Afrilu 1972 da aka bar tuƙi a hannun hagu aka koma dama. In ka yi masa musu, ya ce ka je gidan adana tarihi na Arewa House ka tambaya.

Ƙa'idojin da ya kafa ba mu taɓa ko ɗaya ba. Ba a saita bawul ɗin 504 sai injin ya huce sarai: tazarar na shigar mai 0.10, ta na fitar hayaƙi 0.25 na milimita, ta kwantak mai sakin wutar filogi kuma 0.40. Da ma'auni ake yi, ba da kunne ba. Tof, wato murfin saman injin, alminiyom ne a kan gangar ƙarfe, don haka zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. In an ɗaga tof, sai an danne silif ɗin, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, da zoben ƙarfe da noti kafin a juya injin. Wanda ya juya haka nan, silif ya motsa, abin da ke toshe ƙasansa ya saki, gobe ruwa ya gangara cikin baƙin mai, a ce gaskit ne ba kyau. Motoci da yawa da aka jawo mana daga wasu wuraren wannan ne ciwonsu.

To, batun kuɗi da jinkiri, wanda muka san shi ne ke damun wasunku. An daɗe da daina ƙera 504, kayanta na asali sun yi wuya. Dillalin da ke aiko mana daga Legas da can yakan ba Baba kaya a biya daga baya. Yanzu sai kuɗi ya shiga hannunsa cif, kuma farashin safe daban, na yamma daban, tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023. Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu na shekarar ya ɗaga lita daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, bai tsaya nan ba. Walda, cajin batir, wasa bawul, duk da janareta muke yi. Masu injin shafe tof su ma wuta suke jira, shi ya sa aikin kwana uku ke cin mako. Ga mai fili ya aiko da batun ƙarin haya, ba a ma yi arba'in ba.

Gaskit mai araha yana nan birjik a kasuwa, mun sani. Zoben ƙarfensa siriri ne, kafin damina ta zagayo ya ƙone, ka sake biyan kuɗin sauke tof. Baba bai ɗaura shi ba, mu ma ba za mu fara ba, ko da za a ce mun yi tsada.

Muna kan tattaunawa da wasu masu kawo kaya, kuma akwai gyare-gyaren da za ku gani nan gaba in Allah ya so. A dai ƙara mana haƙuri.

Direbobin layin Zariya da suka fara kawo wagon tun muna 'yan makaranta, da malaman da suka yi ritaya da motar da suka saya da bashin gwamnati, da Hajiyarmu da ta ƙi sayar da motar mai gidanta, ku ne kuka riƙe wurin nan. In kun ga abin da bai yi muku ba, ku faɗa mana ido da ido kafin ku kai motar wani wuri. Wanda ke bin Baba bashi, ko ya bar ajiyar kaya a hannunsa, ya zo a duba. Littafin da yake rubuta komai yana ofis.

Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Naku,
'Ya'yan marigayi da ma'aikatan gareji, Kaduna