Gaisuwar Babbar Sallah daga Puwebla

Puwebla, Meziko
10 ga Zulhajji, 1446

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina yi muku barka da Sallah, Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana. Ina fata kuɗin rago sun isa hannun Yaya a kan kari. Lokacin da kuke saukowa daga Idi a Funtuwa mu nan tsakar dare ne, domin kun riga mu da awa 7. Da gari ya waye muka yi tamu sallar a wani ɗan zaure, sahu uku kacal, sannan muka yanka rago ɗaya da muka haɗa kuɗi muka saya a ƙauye. Wannan ita ce Babbar Sallata ta uku a wajen gida.

Auta ta shaida mini cewa Inna ta kwana biyu ba ta runtsa ba saboda wani bidiyo da aka nuna mata na dutsen da ke aman wuta kusa da mu, shi ya sa na ga ya dace in yi muku cikakken bayani, don hankalinku ya kwanta. Sunan dutsen Popokatepetil, wato "dutse mai hayaƙi" a harshen Nawatil na mutanen asalin ƙasar, amma mutanen gari Don Goyo suke ce masa, kamar wani dattijon unguwa mai saurin fushi da kowa ya san halinsa. Tsayinsa ya kai kusan mita 5,400, kuma tsakaninsa da inda nake ya fi kilomita 40. Ya yi shekaru da yawa shiru kafin ya farka a watan Disamba na 1994, kuma tun daga nan hukuma take sa masa ido dare da rana, tana sanar da halin da yake ciki da launi uku irin na danjar titi: kore, rawaya da ja. A kan rawaya muke, an kuma hana kowa matsawa kusa da bakinsa ƙasa da kilomita 12.

Abin da ke iso mana toka ce kawai. A watan Mayu na 2023 ta zuba sosai, har aka rufe makarantu da filin jirgin sama, gari ya yi dishi-dishi kamar an shiga tsakiyar hunturu a gida. Sai dai wannan ta fi ƙurar hunturu mugunta, domin garin dutse ce mai kaifi, tana cin ido da maƙogwaro. A ranar farko na ɗebo ruwa a bokiti zan wanke tsakar gida, sai tsohuwar da nake haya a gidanta ta riƙe mini hannu, ta ce share ta ake yi a zuba a buhu, domin idan ta jiƙe daskarewa take yi kamar siminti ta toshe magudanar ruwa. Mun rufe tankin ruwa, mun sa takunkumi, bayan 'yan kwanaki kowa ya koma harkarsa.

Na san Baba zai tambaya me ya zaunar da mutane a gindin irin wannan dutse. Ƙasar noma ce ta zaunar da su. Tokar da muke sharewa ita ce, bayan shekaru, take ruɓewa ta zama ƙasa mai laushi da riƙe danshi, kuma a kanta nake yin bincikena a jami'a. Damina ta sauka nan kamar yadda ta sauka a gida, kuma da Baba zai ga masarar da ake shukawa tare da wake da kabewa a gona ɗaya, da ya ce a kudancin Katsina yake. Masarar da muke jingina wa Masar ma asalinta daga wannan ƙasa ne, har a kwarin Tewakan na jiharmu an tono totuwar da ta shekara dubbai a cikin kogo.

Shi kansa birnin Sifaniyawa ne suka kafa shi a 1531, a tudu mai tsayin fiye da mita 2,000, abin da ya sa na yi makonni ina haki idan na hau bene. Sun ja titunansa a miƙe kamar an buga igiya, gidajen kuma suna da tsakar gida da ɗakuna kewaye da ita, an lulluɓe bangonsu da tayil mai launin shuɗi da fari. Wannan sana'ar tayil da jininmu a ciki, domin Sifaniyawa sun gaje ta ne daga zamanin da Musulmi suke mulkin Andalus, wanda ya ƙare a 1492. Har a bakinsu abin ya saura: idan mutum zai yi fatan wani abu sai ya ce "ohala", wadda tushenta Larabci ne mai ambaton yardar Allah, ko da yake yawancinsu ba su san haka ba. Akwai kuma wani ɗakin karatu da aka kafa a 1646, littattafansa na nan a kan tsofaffin kantocin katako, na tsaya a ciki ina tuna kundayen marigayi Kaka da gara ta cinye mana.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Cholula, wani tsohon gari a gefenmu. Daga nesa sai ka ɗauka tsauni ne da coci a kansa, alhali dala ce da mutanen dauri suka gina da tubalin ƙasa irin na ganuwar Kano, ciyawa ta rufe ta, Sifaniyawa suka ɗora wurin ibadarsu a bisa. A wannan gari ne rundunar Kortes, jagoran Sifaniyawan da suka ci ƙasar da yaƙi, ta yi wa mutane kisan gilla a 1519, kafin ta ratsa tsakanin Popokatepetil da maƙwabcinsa Istaksiwatil ta nufi babban birnin daular Aztek ta mutanen asalin ƙasar. Masu yawon buɗe ido suna ta ɗaukar hoton cocin da dutsen a bayansa, kuma gaskiya yana da kyau, amma ni ban iya kallonsa ba tare da tuna abin da ke binne a ƙarƙashinsa ba.

Batun abinci Inna ta kwantar da hankalinta, ina kiyayewa. Akwai wani gashin nama da ake kira na Larabawa saboda baƙin Gabas ta Tsakiya ne suka kawo shi, amma da na bincika sai na tarar yanzu da naman alade ake yin sa, don haka ban ko kusance shi ba. Barkono da tumatir kuwa nan ne gidansu, daddawa da kuka kaɗai nake nema in rasa. Idan an sami mai tahowa, a taimaka mini da su.

A gaishe mini da Yaya da iyalinsa, da Gwaggo, da Kawu, da liman da sauran mutanen unguwa. A ba yara goron Sallah daga ragowar kuɗin, a kuma ajiye mini soyayyen nama a cikin kitse ko da zai kai Disamba, domin ina sa ran samun hutu a lokacin in Allah Ya yarda. Ina roƙon ku ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku.