Yaya, Ki Gaya wa Inna Ina Cin Abinci

Istanbul, daren Lahadi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yaran. Yaya ƙafar Inna? Yaya Baba da ƙoƙari? Ki gaishe min da su da kyau, ki ce ɗansu yana nan lafiya lau, sai dai sanyin garin nan da ya fara leƙowa.

Saƙonki ya iso. Na yi ta dariya ni kaɗai a ɗaki da na ji abin da Inna ta ce bayan ta ga hotona, wai na zabge, wai wa ke dafa mini. Kin kuma ce da kika gaya mata a gidan abinci nake ci kusan kullum sai abin ya ƙara damunta. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto, tunda a waya mutum bai gama gaisuwa ba layi ya yanke. Ki karanta mata a hankali, inda ya yi mata tsawo ki tsallake.

Gaskiya ne, ba na girki sai jefi-jefi. Da duhu-duhu nake fita, sai bayan isha'i nake dawowa, kuma kicin ɗin ɗakin da muke haya, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita. To amma kada ki ɗauka gidan abincin irin na talabijin ne, mai fitilu da cokula biyar-biyar. Inda nake ci da rana suna ce masa esnaf lokantasi, wato gidan abincin 'yan kasuwa da masu sana'a. Yana wani lungu bayan shagonmu, teburansa ba su wuce goma ba. Kina shiga za ki tarar da abincin ranar a jere cikin manyan tire bayan gilashi, yana ta tururi. Akwai farin wake da aka dafa da tumatir da man shanu har ya yi luguf, kuru fasulye ke nan, shi da shinkafa ba sa rabuwa. Akwai baƙin yalo da ake tsagawa a cusa masa niƙaƙƙen nama, sunansa ma a harshensu "tsagaggen ciki". Akwai romon wani ɗan mitsitsin jan wake mai suna marjimek, a matsa masa lemun tsami a sha da cokali. Ba a miƙo wa mutum takardar da za ta ruɗa shi, nuni kawai zai yi. Da yatsa na ci abinci wata uku kafin bakina ya buɗe.

Kalmar da na fara koya ita ce "az", wato kaɗan. In kika ce az kuru, az pilav, sai a zuba miki rabin faranti na wake da rabin na shinkafa, kuɗin ma ya ragu, kuma babu mai yi miki kallon matsiyaci, don mai shagon zinare na kusa da ke shi ma abin da ya ce ke nan. Burodi yana kwando a kan tebur, ba a ƙirga shi. Mai girkin wani dattijo ne mai furfura, kowa usta yake ce masa, haka suke kiran duk wanda ya ƙware a sana'arsa. In ya ajiye faranti sai ya ce "afiyet olsun". Na daɗe ina jin kalmar tana min kama da wani abu, ashe afiyet ɗin nan ita ce lafiya, duk daga Larabci suka fito. In an gama kuma sai a ce masa "elinize saglik", ma'ana hannunku ya zauna lafiya. Ranar da na fara faɗa masa daidai, sai da ya fito daga bayan gilashi ya dafa kafaɗata.

Amma kafin in gano wannan lungu na sha wuya, kuma wannan ba sai kin karanta wa Inna ba. A satina na biyu na je yawo wajen gadar Galata, wadda samanta masunta ne jere da ƙugiyoyi, ƙasanta kuma gidajen abinci ne suna kallon ruwa. A can kusa wani mai kiran baƙi ya tare ni da fara'a har kunne, ya zaunar da ni, aka kawo kifi ɗanye a tire na nuna wanda ya yi min. Ban san da awo ake sayar da shi ba, ban kuma tambaya ba. Aka jera min 'yan ƙananan farantai da ban nema ba, ni kuwa na zaci karamci ne na yi ta ci. Kin san me suke ce wa takardar kuɗin abinci? Hesap. Hisabi dai da kika sani. Wallahi ranar na ga hisabi. Har da wani kuɗi wai kuver, na zama a teburin da burodin da ruwan. Kuɗin cefanen sati guda na bari a wurin, na koma gida a ƙasa. Daga farkon 2024 hukuma ta wajabta wa gidajen abinci su kafa farashinsu a bakin ƙofa da kan tebur, to yanzu sai na karanta kafin in sa ƙafa. Shi ma farashin ba ya zama wuri ɗaya. A watan Oktoban 2022 tsadar kaya a ƙasar nan ta haura kashi 85 cikin ɗari a lissafin gwamnati, har takardun farashi suka koma liƙe-liƙe, sabon kuɗi a kan tsoho.

Abin haushin, taku kaɗan daga inda aka yanke ni, a bakin ruwan Eminonu, ana soya kifi a tsaga burodi a saka shi da albasa da latas, a ci a kan 'yar kujera, a kora da ruwan tsamin kayan lambu. Ya fi wancan daɗi nesa ba kusa ba.

Ranar Lahadi ba ma aiki, sai in hau jirgin ruwa in tsallaka. Kin san garin rabi yana Turai rabi yana Asiya, mashigin Bosforus ya raba su, kuma tsallakawar ba ta fi minti ashirin ba. In sayi simit, wani burodi mai kama da awarwaro da aka barbaɗe da riɗi, in karɓi shayi a cikin jirgin, in zauna ta waje. Fararen tsuntsayen teku suna bin jirgin suna kuka, yara na jefa musu gutsuren burodi suna cafewa a sama. Ga hasumiyoyin masallatai ta kowane ɓangare. Duk kujerun alfarmar garin nan ban ga wadda ta kai wannan bencin ba.

Shayin kuwa, Yaya, sai kin gani. An ce duk duniya babu masu shan shayi kamar Turkawa in aka raba da yawan jama'a, kuma ban yi musu ba. A Rize ake noma shi, can bakin Baƙin Teku, inda aka buɗe masana'antarsa ta farko a 1947, ki ga ashe ba wani tsohon abu ba ne a wurinsu. Buta biyu ake ɗorawa, ɗaya kan ɗaya, ta ƙasa ruwa, ta sama ganye yana dahuwa da tururi. A zuba a wani ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu, babu madara. In ya yi ja yadda suke so sai su ce ya yi "jinin zomo". A lokanta in kin gama cin abinci za a kawo shi ba ki nema ba, in kika kai hannu aljihu a ce "ikram". Wannan ma kin ji ta, karamci ne. Kuma ba a korar mutum da ido. Na taɓa zama awa biyu a kan kofi uku ina jiran ruwan sama ya ɗauke, babu wanda ya zo ya goge teburin a gabana don in gane.

Gahawa ita ce tsohuwa. Masu tarihi sun ce wajen shekarar 1555 wasu mutanen Sham biyu suka buɗe gidan shan gahawa na farko a unguwar Tahtakale, kuma a 2013 UNESCO ta sa gahawar Turkiyya cikin al'adun da take karewa. Tun kafin a ɗora ake tambayar yawan sukari, don ba a juya ta bayan an zuba. Ana kawo ta da ruwa da ɗan alewar lokum. Ranar farko na shanye har laka ta ƙasa, na yi ta tari, yaron da ya kawo yana ɓoye dariya. Suna da karin magana cewa kofin gahawa ɗaya ana tuna alherinsa shekara arba'in.

Wata Juma'ar nakan yi sallah a masallacin Sulaimaniyya, wanda magini Sinan ya gama a 1557. Daura da shi masu wake ne a jere, teburansu a waje, ana fitowa daga sallah wurin ya cika maƙil. Limami da ɗalibi da ɗan yawon buɗe ido, kowa da farantin wakensa.

Sau ɗaya a wata kuma mai shagonmu yakan kai mu cin nama. Wurin suna ce masa ojakbashi, bakin murhu. Doguwar gasa ce ta gawayi, ana zagaye ta a zauna, mai gashin yana tsakiya yana fifita, yana miƙo wa kowa nasa da zafinsa a kan lallausan burodi da ya sha maiƙo. Gashi irin na garin Adana mai yaji ne, na garin Urfa babu yaji, ni kin san inda na karkata. A kora da ayran, kindirmo ne da aka dama da ruwa da ɗan gishiri. A nan ne zan ja kunnen duk wanda zai zo: akwai wata giya mai suna raki, garau take kamar ruwa, amma da an zuba mata ruwa sai ta koma fara kamar madara, har suna ce mata nonon zaki. Wanda bai sani ba sai ya zaci ayran ce. Ki ce wa Baba ya kwantar da hankalinsa, gidajen da ba sa sayar da ita sun fi yawa, kuma su nake shiga. Sigari ma tun 2009 aka hana shan ta a cikin gidajen abinci, sai dai a teburan waje hayaƙi ya ishe ki.

In aka zo biya kuwa, sai ki rantse faɗa ake. Wannan ya riƙe hannun wancan, wancan ya zagaya ta baya ya miƙa kati, ana ta rantse-rantse. Kowa ya biya nasa suna ce masa "tsarin Jamusawa", kuma ba yabo ba ne. A bakin ƙofa a tsiyaya wa kowa turaren lemun tsami a tafin hannu, kyanwar gidan tana kwance a kan kujera ko ɗaga kai ba ta yi.

Akwai wani farin kayan zaki mai laushi da na yi wata biyu ina sha ina santi, sai daga baya aka gaya min da tsokar ƙirjin kaza ake yin sa, an tsefe ta sirara an dafa da madara da sukari. Har yau ban yanke hukunci a kansa ba.

Yanzu ga abin da nake so Inna ta ji. A hunturun bara mura ta kwantar da ni, kwana huɗu ban fita ba, ban kuma gaya muku ba don kada ku damu. A rana ta uku aka ƙwanƙwasa ƙofa. Yaron lokanta ne, da roba cike da romon marjimek, da burodi, da lemun tsami a yanke. Ashe usta ya ga kujerata babu kowa, ya aika shagonmu aka tambayo, aka kwatanta masa gidan. Da na warke na je biya, ya ɗaga haɓa sama ya yi tsaki, wanda a wurinsu shi ne a'a, ya ce in zauna wake na hucewa. Har yau bai iya faɗin sunana daidai ba, ni ma ban san nasa na yanka ba. Ramar da Inna ta gani a hoto ta hawan tudu ce, garin nan duk hawa da gangara ne.

Wani abokin aikinmu zai taso ƙarshen wata, zan ba shi saƙo: kofunan shayi shida da 'yan farantansu, butar nan mai hawa biyu, da ganyen Rize. Ki bar ganyen ya yi kamar minti goma sha biyar a kan tururi, kada ki tafasa shi kai tsaye, zai yi ɗaci. Akwai kwalin kayan zakin nan baklawa irin ta garin Gaziantep, na Inna da Baba ne, ki ɓoye shi daga yaran har su ɗanɗana tukuna. Ki nannaɗe kofunan in za ki ajiye, ba su da ƙwari.

A gaida kowa da kowa, babba da yaro. A ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
Ƙaninki