Baƙinku biyu sun yi ta jifan juna da Iraƙi da Libiya, ba wanda ya karanta ƙuri'un

Malam Edita, bayan gaisuwa.

Muhawarar da kuka shirya ranar Asabar a kan tsohon Firaministan Birtaniya David Cameron, na jam'iyyar Conservative, ta ɓata min rai, kuma laifin na mai gabatarwa ne fiye da na baƙin. Ka ɗauko ɗan kanzagin Conservative da ɗan kanzagin Labour, ka zaunar da su kusan awa guda. Wannan ya ce Cameron ya rusa Libiya, wancan ya ce ai Tony Blair, tsohon Firaminista na Labour, ya riga ya rusa Iraƙi. Wannan ya ce Cameron ya raba wa yaransa muƙamai, wancan ya ce ku fa? Mai gabatarwa yana ta "to madalla, bari mu ji ɗaya ɓangaren". Wane ɗaya ɓangaren? Ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, kuma alƙaluman da za su nuna haka suna nan a rubuce, minti biyu ya isa a karanta su.

Ranar 18 ga Maris 2003 Majalisar Wakilan Birtaniya ta amince da yaƙin Iraƙi da ƙuri'a 412, masu adawa 149. A daren nan 'yan Labour 139 suka yi wa Blair tawaye, suka mara wa gyaran da ke cewa ba a kawo hujjar yaƙi ba tukuna. Ƙuri'un Conservative ne, a ƙarƙashin Iain Duncan Smith, suka cece shi. Cameron yana ɗan majalisa a lokacin, kuma yaƙi ya zaɓa. Bayan shekara takwas aka juya kujeru. Ranar 21 ga Maris 2011 majalisar ta goyi bayan kai hari Libiya da ƙuri'a 557, masu adawa 13 kacal. Ed Miliband, shugaban Labour a lokacin, ya jawo 'yan jam'iyyarsa suka bi bayan Cameron. Jeremy Corbyn na Labour yana cikin tsirarun da suka ƙi, ɗan Conservative guda ɗaya kuma, John Baron, shi ma ya ƙi. Kowane baƙo a cikin biyun jam'iyyarsa ta sa hannu a yaƙin da yake zagin ɗan'uwansa a kai. Da mai gabatarwa ya faɗi wannan tun farko, da rabin hayaniyar ta kwanta.

Akwai abin da ya fi wannan. Ƙuri'ar Libiya an kaɗa ta ne kwana biyu bayan jirage sun fara jefa bama-bamai ranar 19 ga wata. A tsarin Birtaniya ikon tura soja yaƙi na sarauta ne, Firaminista ke riƙe da shi a madadin Sarki, babu dokar da ta tilasta masa ya tambayi majalisa. Al'ada ce kawai. Sau ɗaya ta ciji Cameron, a Agustan 2013, da ya nemi a kai wa Siriya hari aka kayar da shi 285 da 272. Wannan ita ce tambayar da ta kamata a yi wa baƙin naku: jam'iyyunku sun yi mulki a jere, me ya hana ɗayarku mayar da al'adar doka?

Shi kuma mai kare Cameron da ya yi ta nanata cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta ba da izini, an bar shi ya wuce salin-alin. Gaskiya ne Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973 ranar 17 ga Maris, ƙasashe 10 suka amince, 5 suka ƙaurace: Rasha, Chaina, Jamus, Brazil da Indiya. Najeriya, Afirka ta Kudu da Gabon duk sun ɗaga hannu, kada mu manta da namu. Amma ƙudurin na kare farar hula ne da hana jirage tashi, bai ce a sauya gwamnati ba. Ba ma sai Labour ta faɗa ba. Kwamitin harkokin waje na Majalisar Wakilan Birtaniya, wanda ɗan Conservative Crispin Blunt ke shugabanta a lokacin, ya fitar da rahoto a Satumban 2016 cewa an zuzuta barazanar da ke kan mutanen Bangazi, aikin ya zarce zuwa kifar da Gaddafi, ba a tanadi abin da zai biyo baya ba, kuma alhakin a ƙarshe na Cameron ne. Kwamitin da 'yan gidansu suka fi rinjaye a ciki ne ya rubuta. Ba wanda ya ambaci rahoton a shirin.

Ba wanda kuma ya ambaci inda makaman suka nufa, alhali shirin Hausa ne. An kashe Gaddafi a Sirte ranar 20 ga Oktoban 2011, rumbunan makamai suka zama na kowa. Zuwa Janairun 2012 mayaƙan Abzinawa da suka dawo daga Libiya sun tayar da tawaye a arewacin Mali, a Maris soja suka hamɓarar da Amadou Toumani Touré, Kidal da Gawo da Tumbutu suka faɗi cikin 'yan kwanaki. Masu sauraronku na Agadas da Tawa da Tillaberi ba sa buƙatar a yi musu bayanin sauran. Su kuka bari suna jin gardamar wace jam'iyyar Landan ce ta fi tsarki.

Kan batun 'yan gaban goshi ma haka aka yi, sunaye kawai ake jifa da su, ba a bayyana yadda injin ke aiki ba. Ga shi a taƙaice. Majalisar Dattawan Birtaniya ba zaɓe ake yi ba. Firaminista ne ke miƙa suna ga Sarki, kujerar ta har mutuwa ce, babu dokar da ta ƙayyade yawan kujerun, shi ya sa suka kai wajen 800. Duk ranar da mutum ya halarci zama yana iya karɓar alawus sama da fam 300 ba haraji. Akwai hukumar tantancewa da aka kafa a 2000, amma ga waɗanda jam'iyyu suka kawo, abin da take dubawa shi ne ko mutum na da tabo, ba ko ya cancanta ba, kuma shawara kawai take bayarwa. A Disamban 2020 ta ce kada a naɗa Peter Cruddas, tsohon ma'ajin Conservative. Boris Johnson ya yi watsi da shawarar, shi ne Firaminista na farko da ya yi haka. Kwanaki kaɗan bayan Cruddas ya hau kujera ya ba jam'iyya fam 500,000.

Dokar hana sayar da lambobin girma tana nan tun 1925, bayan abin kunyar zamanin Firaminista Lloyd George. Mutum ɗaya tak aka taɓa hukuntawa da ita, Maundy Gregory, a 1933. Dalili shi ne sai an nuna yarjejeniya ƙarara ta "ba ni in ba ka", masu wayo kuwa ba sa rubutawa. Haka ta faru da Blair. Attajirai suka ba Labour kuɗi da sunan bashi, domin a lokacin doka kyauta ta ce a bayyana, ba bashi ba, sai ga sunayen wasunsu a jerin masu zuwa Majalisar Dattawa. 'Yan sanda sun yi wa Blair tambayoyi sau uku yana kan mulki, a matsayin shaida, a Yulin 2007 aka ce ba wanda za a gurfanar. Cameron da zai tafi a 2016 ya tura 'yan jam'iyyarsa 13 majalisar, har mai taimaka wa matarsa ta samu lambar girma. Liz Truss da ta yi kwana 49 tana Firaminista ta naɗa 3. Ta wannan ƙofar ce dai Firaminista Rishi Sunak ya dawo da Cameron a Nuwamban 2023 ya ba shi ministan harkokin waje, ba tare da mazaɓa ba, kuma 'yan Majalisar Wakilai ba su iya titsiye shi a zaurensu ba, sai dai ƙaramin minista Andrew Mitchell ya amsa a madadinsa. Labour da ta yi ta kukan haka, da ta hau, Keir Starmer ya ba Sue Gray kujera a Disamban 2024, wata biyu bayan ta bar shugabancin ma'aikatan ofishinsa. Laifi tudu ne. In za ku sake irin wannan shiri, ku kawo wanda ba ya cin abinci a ɗayan gidajen biyu, ko aƙalla ku ba mai gabatarwa takarda ɗaya mai ɗauke da waɗannan ƙuri'un.

Sannan, Malam Edita, don Allah ku rage kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin kanun labarai. A ƙaramar rediyo gangar ce ke fitowa, muryar mai karatu tana nutsewa, musamman wajen lambobi. Kuma masu kiran waya uku kuka katse a daren nan kafin su kai ga tambayarsu, baƙin kuwa aka bar su suna maimaita magana ɗaya.

Naku,
Mai sauraro daga Damagaram