Ɗana na son fita dambe, uwarsa ta ce ba da yawunta ba

Assalamu alaikum Malam. Ina yi maka fatan alheri. Ni mai sauraron shirinka ne daga Gusau, ina roƙon a sakaya sunana.

Mu rundawa ne, fawa muka gada, dambe kuma tare da wuƙa muka tarar da shi a gida. Kakanmu ya yi damben kaka, zamanin da mahauta ke bin ƙauyuka da makaɗan kalangu bayan an yanke gero. Baba ne ya fara naɗa mini zare, shi ya nuna mini yadda ake buɗe ɗayan hannun a kare fuska, da cewa wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa an kashe shi, wato an yi nasara a kansa. Na yi wasa a ɓangaren Arewa, ɗaya daga cikin rukunonin 'yan dambe, har ciwon gwiwa ya zaunar da ni. Yanzu kullum bayan la'asar ina koya wa yaran unguwa a fili bayan kwata, ba na karɓar ko sisi.

Matsalar ita ce ɗana na biyu, shekararsa 17, yana aji biyar na sakandare. Bahago ne, kuma ba don ɗana ba ne, ban taɓa koyar da mai hannunsa ba. Wani mai gidan dambe daga Abuja ya gan shi, ya ce in ba shi yaron. Damben yau akwai kuɗi, Malam. Ana sa babur ko mota a gasa, yaro ya yi kisa a turmin farko, wato zagayen farko, kafin asuba bidiyon ya zagaya TikTok.

Uwarsa ta ce ba da yawunta ba. Hujjarta yayana ne, wanda a da idan ya yi kirari fili ke tsit. Yau hannunsa rawa yake, yakan manta ko ya yi sallah, likita ya ce dukan da ya sha a ka ne. Tana kuma tsoron ƙwaya, ni ma na ga yaran da suka bar gida da ƙarfinsu suka dawo ba sa iya shiga fili sai sun haɗiya. A nan ba ni da bakin musa mata.

Shi kuwa Baba, da tsufansa, ya ce idan na bar zaren gidanmu ya mutu a hannuna ba zai yafe mini ba. Yaron ya daina cin abinci da mu, na kuma ji yana tambayar kuɗin motar Abuja a tasha.

Malam, in tsaya kan sai ya gama makaranta, ko da zai gudu? Ko in kai shi da kaina in damƙa shi ga wanda na yarda da shi? Kuma da wane baki zan tunkari Baba ba tare da na saɓa masa ba?

Naka,
Wani mahauci daga Gusau