Littattafan da ke riƙe da tsofaffin motocin Amurka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarmu in yi magana a kan sana'ata. Ni bakanike ne. A Kaduna na koyi aiki a kan Fijo 504, yanzu kuma ina wani gareji a gefen birnin Detroit na jihar Michigan, inda yawancin motocin da ake kawo mana sun girmi masu gyaransu. Abin da ya sa na rubuto shi ne hotunan da nake gani matasanmu suna yaɗawa a Facebook da TikTok na tsofaffin motocin ƙarfi na Amurka, su Charger da Camaro da Chevelle, ana ta yaba ƙugin inji da ƙyallin fenti. Ban ga laifinsu ba, ni ma ƙugin nan ne ya ja ni. Sai dai abin da ya sa motar da aka ƙera a 1969 take tashi da bugu ɗaya a yau ba ya fitowa a hoto. Littafi ne, mai kauri, mai tabon baƙin mai a gefen shafukansa.

Zamanin waɗannan motoci bai yi tsawo ba. A 1964 ne injiniyoyin Pontiac, cikinsu har da John DeLorean, suka ɗauki babban inji mai silinda 8, mai faɗin kubik inci 389, suka cusa shi a cikin matsakaiciyar motarsu Tempest, suka kira ta GTO. Sun yi zaton sayar da kamar 5,000, sai aka sayi sama da 32,000 a shekarar farko. Daga nan kowane kamfani ya shiga tsere. Chrysler ya fito da injin Hemi 426 na kan titi a 1966, Chevrolet kuma a 1970 ya sa wa Chevelle injin 454 da aka rubuta masa ƙarfin doki 450. Sai dokar tsabtar iska ta 1970 ta zo, kuɗin inshora ya hau, tsadar mai ta 1973 ta ƙarasa kashe kasuwar. Plymouth, wani reshen Chrysler, ya rufe a 2001, Pontiac ya bi shi a 2010. Kamfanonin sun tafi, ma'aikatan da suka haɗa motocin da hannunsu yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, amma duk ranar Asabar ta uku ta watan Agusta motocin suna cika titin Woodward a nan Detroit, suna tafiya da ƙafarsu.

Littattafan da muke aiki da su ba iri ɗaya ba ne. Uban su duka shi ne wanda kamfani ya buga wa kanikawan dilolinsa, na wannan mota, na wannan shekara, ba wata ba. Akwai na Chilton da na Haynes, waɗanda aka sauƙaƙa domin mai gyaran motarsa a gida, suna da amfani, amma sukan haɗa shekaru da yawa a littafi ɗaya, kuma a wurin haɗawar ake rasa ƙananan bambance-bambancen da ke kashe inji. Akwai na Hollander da masu sayar da tsofaffin kayan gyara ke dubawa su san wane ƙarfe na wace mota zai shiga wata. Akwai kuma na lambobi, masu fassara lambar jikin mota da lambar da aka zuba a jikin inji tun daga maƙera. Wannan na ƙarshe ya ceci kuɗin mutane da yawa. GTO ta gaskiya daga 1966 zuwa 1971 lambarta da 242 take farawa. Idan mutum ya kawo maka LeMans, wata motar Pontiac mai kama da ita, da aka manna wa tambarin GTO yana neman kuɗin GTO, lambobi uku ne za su raba gardama.

Bari in nuna maka abin da nake nufi da misali, don magana a dunƙule ba ta gamsar da bakanike. An taɓa jawo mana wata Charger ta 1969 daga wani shagon taya. Yaron shagon ya zo kwance wilin gaba na ɓangaren direba, noti ya ƙi, ya sa bindigar iska, ya ƙara ƙarfi, har ya karya ƙusoshi biyu. Ya rantse tsatsa ce. Babu wata tsatsa. Motocin Chrysler, kamfanin da ya ƙera Charger, har zuwa na 1970, notunan wilin hagu zarensu na hagu ne, wato inda kake juyawa ka kwance a kowace mota, a nan ɗaurewa kake yi. Da ya goge kan ƙusar da yatsa, da ya ga harafin L a buge a kanta. Layi ɗaya ne a littafin, a babin taya. Yaron ba raggo ba ne, hannunsa yana da kyau, kawai dai babu wanda ya taɓa gaya masa, kuma babu yadda za a yi basira ta gano maka abu irin wannan.

Haka jerin wutar fulogi. Ƙaramin injin Chevrolet, wanda aka fara ƙerawa a 1955, jerinsa 1-8-4-3-6-5-7-2 ne, kuma silinda mai lamba 1 tana gaba a ɓangaren direba. Na Ford 289 da 302 kuwa 1-5-4-2-6-3-7-8 ne, lamba 1 tana ɓangaren fasinja, kuma distiribitansa baya yake juyawa, saɓanin na Chevrolet. Ko a cikin gidan Ford ɗin ma, injin 351 Windsor nasa jerin daban, 1-3-7-2-6-5-4-8. Wanda ya sa kamshaf na 351 a cikin 302 don neman ƙarin ƙarfi, abin da ake yi sosai, dole ya sake jera wayoyin fulogi, in ba haka ba motar za ta yi ta tari tana harbi ta kafireto, ya yi ta canza kayan da ba su da laifi.

Inda na fi ganin darajar littafi shi ne wurin ɗauri da awo. Ogana na Kaduna, Allah ya jiƙansa da rahama, yakan ɗaure tof silinda da hannu ya ce ya ji ta zauna, kuma sau da yawa ta zauna ɗin, domin ya yi shekaru yana taɓa inji iri ɗaya. Amma ka kawo masa ƙaramin injin Chevrolet. Kowane tof silinda yana da ƙusa 17. Littafi ya ce a fara daga tsakiya a riƙa zagayowa zuwa waje, a ɗaure daki-daki har a kai awo 65 a sifanar awo ta Amurka, wato kusan 88 a ma'aunin Newton-mita. Ya kuma ce a shafa wa zaren ƙusoshin maganin toshe yoyo, saboda ramukansu sun ɓulla cikin hanyar ruwa. Wanda bai karanta ba zai haɗa inji tsaf, bayan kwana kaɗan ya ga ruwa a cikin baƙin mai, ya ɗora wa gasket laifi. Tazarar kwantak sabo, wato ɗan ƙarfen da ke buɗewa da rufewa a cikin distiribita, kashi 19 cikin dubu na inci, ta fulogi kashi 35 cikin dubu. Idan muka zo metal na karanshaf, wani siririn zaren roba kore muke ɗorawa, mu ɗaure, mu kwance, mu auna faɗin da ya baje da takardar da ya zo a ciki. Tazarar da ake nema ba ta kai kaurin gashin kai ba. Ido ba ya ganinta, hannu ba ya jinta, sai lamba.

Su ma sifanonin na inci ne. Sifana 13 za ta kama noti mai rabin inci, wato milimita 12.7, amma da ɗan lilo, kuma lilon nan ne ke cinye kan noti mai shekara hamsin da ba za ka samu irinsa a shago ba.

To, Malam Edita, kada a ɗauka cewa littafin kamfani ya gama magana. Yana magana ne da fetur da baƙin man zamaninsa. Injin 454 mafi ƙarfi na 1970 matsinsa, wato yadda fistin ke matse iska da mai, 11.25 ne, an gina shi don fetur mai dalma, mai ƙarfin oktan sosai. Tun daga 1971 General Motors, uwar kamfanin Chevrolet da Pontiac, ya sauke matsin injinansa zuwa wajen 8.5, kuma a 1996 aka haramta fetur mai dalma ga motocin titi a Amurka gaba ɗaya. Idan ka saita taimin yadda littafin 1970 ya ce, ka zuba man gidan mai na yau, za ka ji fistin yana ƙwanƙwasa. Fetur ɗin yanzu yawanci akwai kashi 10 cikin ɗari na itanol a ciki, yana cin tsofaffin robobin kafireto da tiyon mai. Baƙin mai kuma an rage masa sinadarin zinki saboda kare na'urar tace hayaƙi ta sababbin motoci, alhali tsohon kamshaf da wannan zinkin yake rayuwa. Shi ya sa aka samu wani rukunin littattafai na baya, waɗanda masu gina inji suka rubuta don gyara da ƙari. Su ne za su gaya maka cewa sabon kamshaf, da an tada inji, a riƙe shi a juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti ɗaya, na tsawon minti 20 zuwa 30, da mai mai zinki, kada a bar shi a silo. Na ga kamshaf sabo fil da aka bari a silo ana sha'awar ƙararsa. Kafin mako ya zagayo tudun ɗaya ya shafe, garin ƙarfen ya bi mai ya shiga ko'ina, sai da aka sauke injin gaba ɗaya.

A ganina mai ƙara wa mota ƙarfi ya fi mai gyara buƙatar karatu, domin shi yana taɓa abin da injiniyoyi suka daidaita da juna. Wani dattijo ya kawo mana Chevelle ɗinsa ta 1970. An cire masa kwantak an sa masa distiribitan lantarki irin wanda General Motors ya koma amfani da shi a 1975, gyara mai kyau ƙwarai. Motar tana tashi lafiya, amma da ya taka totur sai ta riƙa yankewa. An canza masa fulogi, an wanke kafireto, har famfon mai an sauya. Na buɗe taswirar wayarin a kan bonet, na bi wayar da ke zuwa kwayil da yatsa, sai ga ta an yi mata alama: waya ce mai rage wuta. Kamfani ya sa ta da gangan don kada kwantak ya ƙone, tana sauke wuta ƙasa da bolt 12 idan inji na aiki. Sabon distiribitan kuwa cikakken 12 yake so. Waya ɗaya muka ja daga akwatin fis. Dattijon ya zaga da motar ya dawo, ya fito ya tsaya yana kallon shafin, ya ce in nuna masa layin.

Batun birki shi ne wanda ba na wasa da shi. GTO ta 1964 da duk ƙarfinta birkin ganga ne da ita a ƙafa huɗu, mai faɗin inci 9.5, kuma masta, wato famfon da ke tura man birki, mai hanya ɗaya, wato in tiyo ɗaya ya fashe, birki duka ya tafi. Sai daga motocin 1967 masta mai hanya biyu ya zama ruwan dare. Kowa yana son ya sa birkin faifai a gaba, kuma ya kamata. Amma mastan birkin ganga yana da ɗan bawul da ke riƙe ragowar matsi a tiyo, in ka bar shi faifai zai riƙa gogawa yana zafi. Dole kuma a sa bawul mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, in ba haka ba ƙafar baya ta riga kullewa, mota ta juya da mutum a kan jiƙaƙƙen titi. Bidiyon minti biyar da wuya ya kawo wannan bayani. Littafin kirki zai ba ka shi da zane da lambobin kaya.

Na san waɗannan motoci ba su da yawa a titunanmu, kuma ba ina cewa bakaniken Panteka ko na Ƙofar Ruwa ya je ya haddace lambobin Pontiac ba ne. Abin da ke damuna shi ne namu tsofaffin. An fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975, kuma 504 ta ɗauki amare da marasa lafiya da buhunan hatsi fiye da kowace mota a Arewa. Ilimin gyaranta yana kan dattawan kanikawa, kuma kowace shekara muna rasa wasu. Ita ma tana da littafinta, da awonta, da taswirar wayarinta, kamar yadda Chevelle ke da su.

Roƙona biyu ne. Na farko, ku buɗe mana ɗan shafi na kanikawa ko sau ɗaya a wata, a riƙa buga awon ɗauri, da tazarar fulogi da bawul, da jerin wuta na injinan da ke hannun mutanenmu, da Hausa, yadda oga zai yanke ya manna a bangon gareji. Ni na ɗauki nauyin aiko da jadawalin juya inci zuwa milimita da na awon ɗauri, in kun amince. Na biyu, duk wanda mahaifinsa ya yi aikin mota ya bar littafin gyara a akwati, na 504 ne, ko na 404, ko na Bitil, don Allah kada ya bari ya ƙare a hannun mai tsire. Ya ɗauki hoton shafukan da waya, ya kai wa ƙungiyar kanikawan garinsu, ko ya aiko wa jarida.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani bakanike mai karanta jaridarku,
daga Detroit, jihar Michigan, Amurka.