Wasiƙa zuwa Leeds kan maganar ɗan kare

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya sanyin Leeds? Mu nan Zariya lafiya lau, kowa na gaishe ku.

Saƙonka ya iso. Ka ce yara sun hana ka sakat sai an sayo musu ɗan ƙaramin kare mai zaman ɗaki, kana neman shawarata tunda duba dabbobi ne aikina. Hukuncin ajiye kare a gida na bar ka da malaminka da uwargida, ku daidaita tun kafin ya shigo. Ni abin da na sani zan faɗa maka.

Hoton da ka turo na irin karen da ake kira pug ne. Don Allah ka janye. Wannan bajajjen hancin da ke burge yara shi ne ciwonsa. Kafofin hancin a matse suke, sai ka ji yana minshari ido biyu, da ya ɗan zagaya tsakar gida harshe ya zubo, haƙarƙari na sama da ƙasa. Kare da haki yake fitar da zafin jikinsa, to wanda numfashi ke yi wa wuya ko ɗan zafin da kuke samu a Yuli yakan kwantar da shi. Abin yana ba ni tausayi ƙwarai. Irin da ake kira Cavalier kuwa akwai sanyin hali, amma ciwon zuciya ya yi musu katutu, har wata kotu a Norway ta hana kiwata irinsu a 2022.

Chihuahua da wuya ya wuce kilo 3, ƙashin ƙafarsa kamar tsinke. Autarka ba ta kai shiga makaranta ba. Ta sungume shi ya suɓuce, sai karaya, in ya tsorata kuma cizo. Pomeranian haushi gare shi, ga ku bango ɗaya da maƙwabta.

Da ni ne, poodle zan ɗauka, mai ɗan girma kaɗan, ba mafi ƙanƙantar ba. Yana da saurin koyo, gashinsa ba ya cika zuba a darduma. Sai dai kusan duk wata ɗaya ko biyu sai an kai shi aski, kuma a can ba araha. Haƙora ma sai ana goge masa, don ƙananan karnuka ta haƙora suke fara lalacewa. Yakan yi shekara 14 ko fiye, wato babban ɗanka zai gama jami'a karen na nan. Wa zai riƙe shi in kun taho gida hutu? Mai gidan da kuke haya ya yarda?

Kada ka saya hannun dillali, dokar Ingila ta hana tun 2020. Ka je ka ga ɗan kwikwiyon tare da uwarsa, ya cika mako 8, an sa masa ɗan ƙwayar shaidar nan ta ƙarƙashin fata. Ka leƙa Dogs Trust ma, ƙungiyar da ke nema wa karnuka marasa gida masu riƙo, sukan sami manya waɗanda an riga an san halinsu da yara.

Ka gaida uwargida da yara. In kun ga wanda ya kwanta muku, turo min hoto kafin ka biya.

Naka,
amininka na Zariya