Amsa ga mai tambayar wutar Bakolori

Assalamu alaikum, ɗana.

Ranar nan a taron manoman rani a Talata Mafara ka miƙe gaban jama'a ka ce: "Baba, ku da kuka ga ginin Bakolori, ta yaya dam ɗinmu zai zama mai ba da wuta, mu kuma muna kwana da fitilar waya?" Hayaniya ta hana ni magana a wurin, to ga amsarka.

Wutar Bakolori ba don gari aka yi ta ba. Injinan da ruwa ke juyawa a can, duk ƙarfinsu megawat 3 ne a ma'aunin wutar lantarki. Na Kainji, wanda tafkinsa ya kai har Yawuri, 760 ne. Rijiya da gulbi ke nan.

Da kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar a kan Gulbin Sakkwato a 1978, abin da aka sa gaba noman rani ne na hekta 23,000. Fiye da rabin filin ba ta kanal aka tsara shayar da shi ba, ta bututu ne masu fesa ruwa kamar yayyafi. Feshi sai da famfo, famfo kuwa sai da lantarki. Can wutar ta nufa. Da famfunan suka mutu ɗaya bayan ɗaya, gonakin suka koma jiran damina, ga ruwa kwance a tafki muna kallonsa.

Ba arha muka sami ruwan nan ba. Tafki ya cinye gonaki da gidaje wajen Maradun, fadamun da ke ƙasa da madatsar suka rasa ambaliyar da ke ciyar da shinkafarsu, kuma a 1980 manoman da suka tare hanya suna neman diyya an amsa musu da harsashi. Allah Ya jiƙansu.

Shi ya sa nake ganin kun kama reshe kun bar tushe. In za ku yi wa hukuma magana, ku fara da yashe kanal, da gyaran ƙofofin ruwa, da yadda mai gonar ƙarshen layi zai sami rabonsa kafin shinkafa ta yi yaushi. Zancen wutar gari ku kai shi inda ya dace, ni ma zan sa hannu.

Ka biyo gonata ranar Talata in kasuwa ta watse, in nuna maka bakin tsohon bututun. Yanzu a nan nake ɗaure jakina.

Naka,
wani tsohon manomin rani